Kafin Ka Yanke Salansa, Duba Birki

Bayan girbin bara na halarci ɗaurin auren ɗan ƙanwata a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo. Abokan ango sun zo daga tsallaken iyaka da motoci huɗu, cikinsu har da wata tsohuwar Mercedes da aka yanke wa salansa, tana ruri kamar bajimi. Ana shafa fatiha, yaron da ke tuƙa ta ya shiga filin ƙofar gida ya fara juyi da ita. Ƙura ta turnuƙe, mata na guɗa, yara na bin motar a guje, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. A juyi na biyar ko na shida motar ta ƙwace masa. Ya taka birki ta ƙi, sai da ta keta danga ta je ta daki gindin rumbu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Da muka taru ana turo ta, na leƙa na gani da idona: ƙafafu sababbi fil suna walƙiya, lasifika biyu manya a but, amma takalmin birki ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe.

Tun daga ranar nake son yin magana a kan wannan yayi na wasan mota. Samarinmu suna kallonsa a TikTok daga Kano da Abuja, ana tattauna shi a fada wajen shan shayi, kuma duk wanda ya ɗan samu kuɗin riɗi ko na kiwo burinsa ya sayi tsohuwar BMW. Ba na cikin masu cewa a hana. Ina son mota, ina son ganin gwani ya sarrafa ta. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka kama sana'ar ta wutsiya: muna fara kashe kuɗi a kan abin da za a ji da abin da za a gani, mu bar abin da zai tsayar da motar ya kuma tsare ran mai tuƙi.

Ƙasarmu Nijar ta daɗe da sanin tseren mota. Gasar Paris-Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro ta tashi karon farko ranar 26 ga Disamba 1978, ta bi ta Agadas da Yamai, wasu shekarun kuma ta sauka a Damagaram, kafin a kai ta Kudancin Amurka a 2009 sannan Saudiyya a 2020. Akwai darussa biyu a tarihinta. Na farko, a 1982 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Claude da Bernard Marreau, suka cinye gasar da Renault 20, motar iyali da suka sake ginawa da hannunsu. Kafin su, a 1975, Peugeot 504 ta cinye gasar Safari ta Kenya, wato a shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Waɗannan motoci juriya ce ta kai su, da kuma hannun da ya san kowane kusa nasu. Na biyu kuma mai ɗaci ne: Paris-Dakar ta take mutanen ƙauye, har da yara, a hanyoyin Afirka ta Yamma, domin ana gudu ne a inda jama'a ke rayuwarsu.

To, wanda ya dage sai ya gina motar wasa, daga ina zai fara? Daga kasuwar kayan gyara zai fara, tun bai taya mota ba. Motar wasa kullum cikin ɓaci take. In abin da ya karye sai an aiko da shi daga Dubai, ka sayi ɗakin kwanan kaji. Tambayi makanikan Magarya da na Dungas abin da suke iya warwarewa su mayar, ka kuma bincika abin da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano cikin kwana ɗaya. Wannan tambayar ta fi muhimmanci yanzu, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome.

Sai zaɓin motar kanta. Mai son juyi dole ya nemi mai ja da baya, irin su BMW E36 da E46, ko Mercedes 190 da C-Class ta farko, ko tsohuwar 505. Honda Accord da Peugeot 406 da Golf da gaba suke ja. Suna da daɗin tsere a lanƙwasa, amma tilasta musu juyi da birkin hannu kashe su ne kawai. A nemi mai giyar hannu. A ɗaga ta a rami a duba ƙashinta, domin motar da ta taɓa mummunan hatsari aka miƙe ta da guduma ba ta sake tafiya daidai, komai kyan fenti. Kowace kuma da ciwonta na gado. BMW ɗin nan biyu suna da kayan roba a hanyar ruwan inji waɗanda ke tsagewa in sun tsufa, kuma E46 an san ta da tsagewar ƙarfen gindi inda ƙafafun baya suke ɗaure. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, lagireton da ke ɗiga ya isa ya ƙone inji cikin minti kaɗan. Ni shawarata, in kuɗinka jika dubu uku ne, sayi motar rabi ka ajiye rabi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gyaran ma yana da jeri, kuma birki ne na ɗaya. Duk lokacin da ka ninka gudu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Man birki yana shan laima daga iska; sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, kuma da ya tafasa feda sai ta nutse ƙasa ba ta kama komai ba. Shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, mai wasa kuwa fiye da haka. Taya ce ta biyu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Yawancin tayoyin Beljiyom da muke saye sun tsufa tun a Turai, zanensu na nan amma robar ta bushe. Na uku ruwan inji da matatar iska, saboda ƙurarmu ta hunturu tana cin inji kamar gara. Na huɗu shokazoba. A nan ma kwaikwayo ya cuce mu: samari na sauke mota ƙasa don sun ga haka a bidiyo, alhali waɗancan a kwalta mai santsi suke wasa. A rairayin Dogo-Dogo ɗaga ta ya kamata a yi kaɗan, a sa mata farantin ƙarfe a ƙasa ya tsare tukunyar baƙin mai.

Na biyar shi ne abin da zai ceci rai in komai ya ƙi: kejin ƙarfe a cikin mota, kujera mai riƙe jiki, ɗamara mai kama kafaɗu biyu, hular kwano, da tukunyar kashe gobara. Kejin kuwa da bututun ƙarfe mai kauri marar ɗinki ake yin sa. Wanda mai walda ya haɗa maka da bututun famfo zai lanƙwashe ne ya danne ka. Sai an gama duk wannan ake zancen ƙara wa inji ƙarfi, kuma galibi ba a ma buƙata. Cire kujerun baya da lasifikan nan ya fi yanke salansa ƙara wa mota kuzari, ga shi kyauta.

Amma ko an gina mota yadda ya kamata, saura babban abu: ina za a yi wasan? Dattawanmu na cewa wannan almubazzaranci ne da ganganci, kuma muddin ƙofar gidan ango ce filin, gaskiyarsu. Sai dai mu tuna kokowa. Ita ma a dandali ta taso, da rigingimunta, har aka kafa gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka yi mata fage da alƙalai da dokoki, yau ga shi duk Nijar na alfahari da ita. Sukuwa ma ba a yin ta a tsakiyar kasuwa. A Afirka ta Kudu, juyi da mota a titunan Soweto ya faro a shekarun 1980, da BMW 325i, ana masa kallon aikin 'yan daba. Daga baya aka mai da shi cikin fili mai shinge, hukumar wasannin mota ta ƙasar ta amince da shi.

Mu ma ba mu rasa fili ba. Bayan an kwashe amfanin gona akwai fako da yawa nesa da gidaje. Abin da ya rage samarin su haɗa ƙungiya, su je wurin magajin gari da hakimi da jandarmomi a yanka musu wuri da rana. A jera tsofaffin tayoyi a yi shinge, 'yan kallo su tsaya can baya. A naɗa tsohon makanike ya duba birki da taya da ɗamara kafin kowa ya shiga, wanda motarsa ta faɗi ya koma gida ko ɗan wane ne. A riƙa fita ɗaya bayan ɗaya ana auna lokaci, maimakon a yi karo. A tanadi mota ɗaya da ma'aikacin lafiya, domin daga ƙauyukanmu zuwa babban asibitin Damagaram tafiya ce mai nisa ga wanda ke zubar da jini.

Ku kuma iyayen ango, in abokan ɗanku sun ce za su yi wasan mota, ku nuna musu bayan gari. Kai kuwa ƙanena mai tara kuɗin BMW, ranar da ka kai ta gareji, ka ce wa makanike ya fara kwance ƙafafun ya duba birki, salansar ta jira.