Kunne, Hannu da Awo: Nazarin Kanikancin Bakin Hanya a Tasawa da Mayahi

A ƙasar Tasawa da Mayahi da wuya ka sami namijin da ba shi da ra'ayi a kan inji. Wanda bai taɓa kwance buji ba ma yana da abin faɗa game da babur ɗin da ya fi jure yashi tsakanin Mayahi da Kanan Bakashe, ko dalilin da ya sa injin niƙan unguwa yake tari da safe. Ana wannan hira a rumfar mai gyaran babur, da bakin tasha, da wurin mai shayi, da gindin itacen da mai cajin waya ya kafa teburinsa. Wasu masu takardar lakwal suna ɗaukar ta surutun zaman banza. Ni kuwa a ganina makaranta ce, ita ce ma babbar makarantar fasahar da yawancin samarin yankin suka taɓa shiga. Saboda haka ta cancanci a zauna a auna abin da ta sani da inda take kuskure.

Tushen abin yana maƙera. Tun kafin mota ta taka wannan ƙasa, maƙeri ne ke da alhakin ƙarfe: shi ke ƙera hauyar tsaye mai doguwar ƙota da ta dace da jigawa, da sungumi, da gatari, da linzami. Manomi kuma ba ya karɓar kaya bakinsa alaikum. Zai ce bakin ya yi faɗi, ko ƙarfen bai sha wuta ba, maƙeri ya gyara. Masanin nan Bafaranshe Claude Raynaut, wanda ya daɗe yana bincike a jihar Maradi, ya yi rubutu musamman a kan kayan noman jihar a 1984, domin ya lura cewa kowane irin ƙasa da irin hauyarta. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da hukuma ta dage kan noman shanu, masana'antu irin su UCOMA a Damagaram da ACREMA a Tawa suka riƙa ƙera garma da amalanke. Ba a jima ba masu walda na cikin gari suka kwaikwaya, suna haɗa amalanke da tsohon gindin mota da tayoyin da aka yar. Yau amalanken da ke kai gero da kaba kasuwa a kwarin Gulbin Kaba yawancinsu aikin hannun ƴan gida ne. Daga nan zuwa kwance injin niƙa tafiyar ba ta da nisa.

Yaro kuma tun yana ƙarami yake shiga wannan hanya, da motar kara da motar langa-langa. Duk wanda ya tsaya ya duba motar da yaro ya yi da gwangwanin tumatir da waya da tsohon silifa zai ga an warware matsaloli na gaske: yadda ƙafa za ta juya ba ta fita ba, yadda doguwar sanda za ta karkatar da ƙafafun gaba. Yaran yanzu sun ƙara da ƙaramin injin da suke cirowa daga matacciyar rediyo, da batirin tsohuwar waya, da ƙwan tocila. Idan irin wannan yaro ya kai shekarun koyon sana'a, ubansa ya kama hannunsa ya kai shi gareji, ya ce wa maigidan wurin ga amana. Zai yi shekaru yana wanke ƙarfe da fetur, yana miƙa sifana, kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai.

Babban abin da wannan makaranta ta ƙware a kai shi ne gane ciwo ba tare da na'ura ba. Kawo wa tsohon bakanike babur, ba zai fara da tambaya ba. Zai ce, «Yaro, tayar mini da shi.» Ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Daga nan ya zagaya baya ya dubi hayaƙi. In baƙi ne, mai ya fi iska yawa, a duba kafireta da matatar iska. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai ke ƙonewa, ringi ya ci. Sai ya kwance buji ya juya shi a tafin hannu: busasshen baƙin toka daban, jiƙewa da mai daban, fari fat kuma alamar injin yana zafi fiye da kima. Duk wannan daidai yake da abin da littattafan injiniyoyi ke koyarwa, sai dai shi a jikinsa ya haddace. Haka masu naɗin waya suke: su warware ƙonannen kwayil na janareta ko na fanka, suna ƙirga zagaye da baki, su sake naɗa sabuwa, injin ya tashi. A wurin da sabon kaya sai an jira shi daga Maradi, ko daga Kano ta hanyar Katsina ko Daura, wannan gwaninta ita ke hana gari tsayawa.

An ga amfaninta ƙarara a 2023. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta cire tallafin fetur, man da ake tsallakowa da shi ta iyaka ya yi tsada. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli kuma, a farkon Agusta, aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, har da layin Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maradi da Damagaram. Aka shafe watanni kafin a janye takunkumin da ya jawo yankewar a Fabrairun 2024. A wannan tsakani tsofaffin janaretoci suka fito daga ɗaki, masu saka sola suka sami kasuwa, kuma kanikawan bakin hanya ne suka ɗauki nauyin duka.

Amma a daidai nan ne raunin ya fi fitowa, kuma ba zan ɓoye shi don ƙauna ba. Hirar gareji tana gadon gaskiya da kuskure a jaka ɗaya, ba ta da hanyar tace su. Ra'ayi yakan yi ƙarfi gwargwadon furfurar mai faɗarsa. Misali, kusan kowa ya yarda cewa a ƙasar zafi gara a cire ƙaramin bawul ɗin nan mai tsare ruwan lagireto har inji ya ɗumama. Ana cire shi, sai motar ta riƙa aiki da sanyin jiki a safiyar hunturu, ta ƙara shan mai, ta ƙara cin kanta. Wani ya huda matatar iska don babur ya ƙara gudu. A ƙasar da iska ke ɗauke da rairayi rabin shekara, wannan gayyatar yashi ce cikin silinda. Fis ya ƙone, a maye gurbinsa da zaren waya, alhali an yi fis ne don ya mutu a madadin kayan da ke bayansa.

Harkar sola ta fi kowacce tona wannan asiri, domin wuta ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, kunne ba ya jin ta. Za ka ji ana cewa gwargwadon zafin rana gwargwadon wutar da faifan sola zai bayar. Haske yake so, ba zafi ba. Ana auna ƙarfin faifai ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40, faifan da aka shimfiɗa kai tsaye a kan kwano ba tare da iska na ratsa ƙasansa ba yana asarar rabo mai yawa, ga ƙurar da ba a sharewa. Sai kuma batir. Faifan da ake kira na bolt 12 yana fitar da kusan 18, amma mutum ya haɗa shi kai tsaye da batirin mota, babu na'urar daidaita caji a tsakani. Da rana batir ya tafasa, da dare a zuƙe shi ƙaf. Batirin dalma cikakke yana nuna kusan 12.6 in ya huta, in ya sauka wajen 12.1 an sha rabinsa, nan ya kamata a tsaya. Wanda bai san wannan ba, batirinsa ya mutu cikin ƴan watanni, ya koma majalisa ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Jabu yana nan, ba musu. Amma da yawa daga cikin batiran da ake zagi kashe su aka yi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, maganin wannan ciwo a Tasawa aka haife shi. A nan aka haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yunin 1929. Ya zama ƙwararren masanin kimiyyar fiziks, ya yi aikin makamashin rana a Bamako, sannan ya dawo ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL a Yamai daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukwanen dafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana, a cikin gida, da hannun ma'aikatan gida. Littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka ya yabi tarbiyyar gargajiya saboda ba ta raba koyo da aiki, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Mutumin bai raina maƙera ba, bai kuma yarda a tsaya a kan «haka muka tarar» ba: a gwada, a auna, a rubuta. Yaran garejin Tasawa nawa ne suka san cewa ɗan garinsu ne?

Kan batun mutum-mutumi da jirage marasa matuƙi, hirar ta fi karkata ga mamaki. Ana miƙa waya hannu zuwa hannu ana kallon bidiyon na'urorin Sin da Japan, wani ya ce ƙarshen duniya ne, wani ya ce za su ƙwace aikin mutane. In an juyo gida kuma, gwarzon da ake so shi ne wanda ya ƙera jirgi. Har yanzu ana tuna Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, ya ɗaga kimanin mita biyu. Ƙoƙari ne na a yaba. Sai dai ina ganin son abin kallo yana kawar da idonmu daga abin da ya fi kusa. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna injin ban ruwa ya kashe ta wayar salula daga nesa. Ya sami kyautar kamfanin Orange a 2011 da babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Na'urar da ke jin tankin ruwan gari ya cika ta kashe famfo da kanta, ko ta yanke wuta kafin batir ya mutu, ita ce matakin farko na ilimin mutum-mutumi. Ƙaramin allon Arduino da aka fito da shi a Italiya a 2005 yana iya duk wannan, kuma mai gyaran wayar da ke sauya ƙwayar caji ƙarama kamar tsabar gero hannunsa ya riga ya ƙware. Abin da ya rage masa shi ne karatun zanen wuta da ɗan lissafi.

Makarantun suna nan kusa: akwai makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi. Abin da babu shi ne hanya tsakaninsu da rumfar bakanike. Ɗalibi ya san lissafin wuta, hannunsa bai taɓa baƙi ba; yaron gareji ya kwance inji ɗari, bai iya karanta lambar da ke jikin batir ba. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Tasawa da Mayahi da Korgom da Urafan su buɗe ajin dare da Hausa ga yaran gareji bayan girbi, ɗaliban Maradi su zo su koyar su kuma koya. Ku kuma iyayen gidan sana'a, ku sayi mitar awon wuta ku rataye kusa da sifana, ku ajiye littafi ko da da ajami ne, a riƙa rubuta abin da aka gyara da abin da ya dawo. Kuɗin mitar bai kai na batir ɗaya da ake kashewa ba.