Ginshiƙin Aro: Nazari a Kan Zauren Mapo da Ginin Mulki a Ƙasar Hausa

Bahaushen da ya sauka Sabo ta Badun, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, da wuya ya bar garin bai hangi Zauren Mapo a bisa tudunsa ba. Razdan Ross ne ya aza harsashinsa a 1925, aka kammala shi a 1929, kuma injiniyan da ya tsaya a kan aikin shi ne Robert Jones. Abin da ya fi jan ido a ginin shi ne dogayen ginshiƙan da aka jera a fuskarsa, irin na tsoffin haikalan Girka.

Wannan salo aro ne, har a can Girka ɗin. Zauren majalisar garin Ermufoli da ke tsibirin Siros, wanda aka soma a 1876, Bajamushe ne mai suna Ernst Ziller ya tsara shi. Wato sai da Turai ta sake ƙera gadon Girkawa sannan ta mayar musu da shi. A ganinmu, abin da jerin ginshiƙai da faffaɗan matakala ke faɗa wa mai wucewa shi ne: ga wurin shawarar jama'ar gari, kowa ya hau. To amma Ross shi ne Razdan da ya dage wajen danne sarakunan Badun a ƙarƙashin Alafin na Oyo. Ashe ke nan fuskar ginin ta yi alkawarin da mai aza harsashinsa bai yi niyyar cikawa ba.

A Arewa kuwa Turawa ba su ga bukatar irin wannan ado ba, domin sun tarar da fada a tsaye, suka bar hukunci yana fitowa daga zaurenta. Kwalejin Katsina ma, da aka buɗe a 1922, da tubali da azara aka gina ta. Inda suka yi gini don kansu, kamar tashoshin jirgin ƙasa da ke kan hanyar Kano zuwa Nguru, har da ta Gagarawa, amfani kawai suka duba, tun da gyaɗa ba ta neman kwalliya.

A nan ne muke ganin magini Bahaushe ya fi faɗin gaskiya. Ginshiƙan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar a masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarki Abdulkarim, a ciki suke, kuma kowannensu yana ɗauke da nauyin bakan gizo da rufin da ke kansa. A cire ɗaya, soro ya rufta. Sai mutum ya tuɓe takalmi ya shiga kafin ya san darajarsu. Ginshiƙan siminti da ake liƙa wa ƙofofin ofisoshi da gidajen attajiranmu kuwa, da yawansu ko bulo ɗaya ba su tallafe ba, kuma ba mu ga abin da ya hana masu zanen gini da jami'o'inmu ke yayewa su zauna gaban magina na gargajiya su ɗauki darasi ba.