Tarken Fim Ɗin Japan "Tonari no Totoro" da Batun Fassara Shi ga Yaran Jos

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin tarken fim ɗin zane mai motsi, wato katun, mai suna "Tonari no Totoro", wanda Hayao Miyazaki ya shirya a kamfanin Studio Ghibli na ƙasar Japan a shekarar 1988. Za a dubi yadda yake koyar da yara zaman gida, sannan a auna abin da zai rage na wannan koyarwa idan aka mayar da shi Hausa domin yaran Jos, garin da ke ɗauke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979.

2.0 Jigo da Zubi

Labarin na wasu 'yan mata biyu ne, Satsuki da ƙanwarta Mei, waɗanda suka koma ƙauye tare da mahaifinsu domin su kusanci asibitin da mahaifiyarsu take jinya. Babu mugu a fim ɗin, babu kuma horo a ƙarshe irin wanda Gizo yake sha a tatsuniya. Yaro yana koyo ne ta hanyar gani: sharar gida, jan ruwa, wanki, da yadda Satsuki take haɗa wa iyalin abincin rana kafin ta tafi makaranta.

Ƙololuwar labarin ita ce ɓatan Mei, wadda ta kama hanyar asibiti da masara a hannu domin ta kai wa uwarta. Da aka tsinci takalmin yarinya a kududdufi, sai mutanen ƙauyen suka fito nema. Wannan shi ne "ɗa na kowa ne" a aikace, kuma iyayen da ke zaune kusa da tsofaffin ramukan kuza na Bukuru da Rayfield ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan fargaba.

3.0 Harshe

Mafi yawan tarbiyyar da ke cikin fim ɗin a harshe take. Mei tana kiran yayarta "oneechan", tsohuwar maƙwabciyarsu kuwa "obaachan" ake ce mata, ko da yake ba su haɗa jini ba. Turancin yau da kullum ba shi da kira na farkon, saboda haka mai fassara yakan koma ga sunan yanka. Hausa kuwa tana da "Yaya" da "Kaka". Haka nan Japananci yana da gaisuwar fita da ta shiga gida, kowace da amsarta, daidai da "sai na dawo" da "a dawo lafiya", da kuma "na dawo" da "sannu da dawowa". Ke nan yaron Jos da ya kalli irin wannan fim da Turanci ya yi asarar abin da harshen unguwarsu zai iya riƙe masa.

Sai dai Hausar Jos tana da nata matsalolin. Na farko, ita ce harshen hulɗa tsakanin Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da sauran al'ummu, kuma wasu masu jin ta a matsayin harshe na biyu sukan sa "ya" a gurbin "ta". A fim ɗin da taurarinsa mata ne, tilas mai fassara ya tsare jinsi, amma ya zaɓi kalmomin da kowa ya sani. Na biyu, kalmar "itadakimasu" da Japanawa suke faɗa kafin cin abinci, "Bismillahi" ce ta fi kusa da ita a gidan Musulmi, alhali gidan Kirista yana da tasa addu'ar. "Mun gode Allah" za ta shiga gidajen biyu.

4.0 Abin da Ba Zai Fassaru Ba

Akwai wuraren da sauya harshe ba zai wadatar ba. Uban yana wanka tare da 'ya'yansa mata, abin da kunyar Bahaushe ba ta yarda da shi ba. Yana kuma rusuna wa wata babbar bishiya yana yi mata godiya, wanda malami da fasto duk za su yi tsaiko a kansa. Bugu da ƙari, fim ɗin yana da yawan shiru, kamar lokacin da yaran suke jiran motar mahaifinsu cikin ruwan sama. Salon fassarar finafinan Indiya da ya yaɗu a Arewa, inda ake cike kowane gurbi da barkwanci, zai rushe wannan shiru, alhali a cikinsa ne yaro yake koyon haƙuri.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya cewa fassara za ta ceto kiran dangi da gaisuwa, amma ba za ta sauya al'adar da aka zana ba. Abin da ya fi dacewa a ara daga Miyazaki shi ne hanyarsa: a ɗauki ranar yaro ɗaya a Gangare ko Tudun Wada, da talla da makaranta da sanyin hunturu, a zana ta da Hausar da yaran suke ji. Jos tana da makarantun koyon aikin fim da na talabijin. Abin da ya rage shi ne masana harshe su zauna da masu zane tun daga matakin rubuta labari.