Alƙalin da Ba Ya Ganin Shaidu

A ƙarshen watan Disambar 2009 hankalin 'yan Najeriya duk yana kan birnin Jidda. Shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, yana kwance a asibitin Sarki Faisal tun cikin watan Nuwamba, a gida kuwa ga wani aiki da ba zai jira majinyaci ya miƙe ba. Alƙalin Alƙalan Najeriya, Idris Legbo Kutigi, zai cika shekara 70 ranar 31 ga wata, dole ya sauka. Kujerar shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ma tana jiran mai ita tun da Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, ya yi ritaya. Majalisar Dattawa ta riga ta tabbatar da magada, saura rantsuwa, ga shi wanda ya saba rantsar da Alƙalin Alƙalai yana can ƙetaren Bahar Maliya. Ranar 30 ga Disamba Kutigi ya dogara da dokar rantsuwa, ya rantsar da Aloysius Katsina-Alu a matsayin magajinsa, da Isa Ayo Salami a matsayin shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara.

A wannan makon mutane da dama, waɗanda ba su taɓa taka harabar kotu ba, suka fara tambayar su wane ne waɗannan manyan alƙalai, ta wace hanya suke hawa kujera, kuma me suke yi a kanta da har ba a yarda ta kwana babu kowa. Tambayar ta cancanci amsa, domin aikin alƙalin ɗaukaka ƙara yana cikin ayyukan da suka fi buƙatar nutsuwa da ƙwarewa, ga shi jama'a ba sa ganin yadda ake yinsa.

Alƙalin kotun farko ɗan gata ne. Mai ƙara da wanda ake ƙara suna tsaye a gabansa. Yana jin lokacin da muryar mai shaida ta yi rawa, yana ganin wanda ya sunkuyar da kai da aka jefo masa tambaya. Alƙalin ɗaukaka ƙara ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ake ajiye masa a kan tebur shi ne kundi: duk abin da aka faɗa a kotun ƙasa a rubuce, da takardun da aka gabatar, da hukuncin da aka yanke, da bayanan lauyoyi. Wani kundin sai an ɗauko shi da hannu biyu. Daga cikin wannan tarin takarda ake so ya gano ko an yi wa bawan Allah adalci. An ce gani ya kori ji, to shi bai gani ba, bai ji ba, karantawa kawai ya yi.

Saboda haka farkon gwanintarsa ita ce sanin inda ba zai sa hannu ba. Idan alƙalin farko ya ce ya gaskata wane, ya ƙaryata wane, bayan ya gan su ido da ido, gwani ba ya gaggawar rushe wannan. Sai fa idan kundin da kansa ya nuna cewa hukuncin ya yi hannun riga da shaidar da aka bayar, ko an karɓi shaidar da doka ta hana, ko an ƙi sauraron ɓangare ɗaya. Riƙe hannu alhali kana da ikon rushewa ya fi rushewar wuya, kuma a nan ake fara gane na ƙwarai.

Sai tsamo tambaya. Lauyan da aka kayar yakan zo da dalilai rututu, wasu masu nauyi, wasu don cika takarda. Alƙali zai tace su har su koma tambaya biyu ko uku waɗanda shari'ar ta rataya a kansu. Abin da yake fara dubawa shi ne hurumi: shin kotun farko tana da ikon jin wannan magana tun asali? In ba ta da shi, duk kyan hukuncin ya zama gini a kan toka. Yana duba kwanan wata kamar yadda mai awo yake duba bakin mudu. A watan Maris na 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Sakkwato ta soke hukuncin jefewa da aka yanke wa wata mata, kuma cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Lissafin watanni a kan takarda shi ya tsaya tsakanin wannan baiwar Allah da ramin jifa.

Ba ya zama shi kaɗai. Tsarin mulkin 1999 ya ce aƙalla alƙalai uku ne za su saurari kowace ƙara, idan kuma daga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta fito, dole ukun su zama masana shari'ar Musulunci. Bayan lauyoyi sun gama, sai su keɓe su tattauna, a ɗora wa ɗaya rubuta babban hukunci. Sauran ba sa fakewa a bayansa: kowane sai ya bayyana matsayinsa a rubuce, ko ya amince da ɗan'uwansa ko ya saɓa masa, ra'ayin masu rinjaye kuma shi ne hukuncin kotu. Suna da kwana 90 su yanke, a ƙarar zaɓe kuwa kwana 60 kacal daga hukuncin kotun zaɓe. Abin da suka rubuta ba ya ƙarewa a kan mai ƙara da abokin shari'arsa, domin kotunan da ke ƙasa dole su bi shi a duk magana mai kama da wannan. Jimla ɗaya da aka rubuta da sakaci tana iya cin gonar marayan da ba a ma haifa ba tukuna. Shi ya sa gwani yake auna kowace kalma.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a wurinmu. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari, ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ya gane ta yau. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki da masu hukunci. Kakanninmu sun san cewa wanda bai gamsu da alƙalin gari ba yana iya kai kukansa gaban Sarki. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi aikin kula da alhazan Najeriya a Jidda a ƙarshen shekarun 1950, ya dawo gida ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Arewa daga 1962.

A can Saudiyya ma, dokar da Sarki Abdullah ya sa wa hannu a 2007 ta tanadi kotunan ɗaukaka ƙara a yankunan ƙasar, da Kotun Ƙoli a Riyad. Alƙalai uku ne ke zama, amma in maganar kisa ce ko yanke hannu ko ƙisasi, sai biyar. Sarki ne ke naɗa alƙali bisa shawarar majalisar ƙoli ta shari'a, kuma ba a ba mutum muƙamin alƙalin ɗaukaka ƙara sai ya kai shekara 40. Bahaushen Jidda da ya ji wannan sharaɗi zai tuna da maganar gida, cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

A Najeriya tsanin ya fi yawan matakala. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976. Wanda zai zauna a cikinta sai ya shekara 12 aƙalla da zama lauya. Hukumar kula da ayyukan shari'a ta tarayya ce ke fara tace sunaye, ta miƙa wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NJC. A duba hukunce-hukuncen da mutum ya rubuta, a bincika halinsa, a yi masa tambayoyi, sannan a kai sunansa ga shugaban ƙasa ya naɗa. Alƙalan kotun na yau da kullum a nan nasu yake tsayawa. Shugaban kotun kuwa, da alƙalan Kotun Ƙoli, da Alƙalin Alƙalai, sai Majalisar Dattawa ta tabbatar da su.

Wanda yake so ya ga wannan tsani a jikin mutum ɗaya, ya dubi Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar. An haife ta ranar 20 ga Nuwamba, 1944. Ta yi makaranta a Zariya da Wusasa, ta wuce Ingila ta karanta shari'a, ta zama lauya a can a 1966, a gida kuma a 1967, mace ta farko daga Arewa da ta kai wannan matsayi. Ta fara da ƙaramar lauyar gwamnati a ma'aikatar shari'a ta Jihar Arewa, ta yi majistare a Jihar Arewa Maso Gabas, ta zama babbar magatakardar kotunan Jihar Kano a 1973. A 1977 ta hau kujerar alƙali a Babbar Kotun Kano. Shekara goma ta yi tana ganin shaidu ido da ido, kafin a 1987 a ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, mace ta farko a tarihin kotun. Lokacin mulkin soja ne, shugaban kotun kuwa Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya riƙe ta daga 1978 zuwa 1992 sannan ya zama Galadiman Katsina.

Kusan shekara 18 ta yi a wannan kotu tana cin kundi, kafin ta shiga Kotun Ƙoli a 2005. Babu tsallake a cikin tafiyar. Kowace kujera ta koya mata abin da ta gaba take buƙata: magatakarda ya san yadda ake haɗa kundi da inda yake yoyo, alƙalin farko ya san nauyin ganin mai shaida, don haka ba ya raina wanda ya gani in ya koma sama.

Ranar da aka ga amfanin wannan dogon horo ita ce 12 ga Disamba, 2008. Alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci a ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya ɗaukaka kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Huɗu, cikinsu har da Kutigi da Katsina-Alu, suka tabbatar da zaɓen 'Yar'aduwa. Uku suka saɓa: George Oguntade, Walter Onnoghen, da Aloma Mukhtar. Hujjarsu daga takarda ta fito. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce a buga wa takardun ƙuri'a lambobi a jere, ba a buga ba, su kuma suka ga wannan giɓi ya isa a sake zaɓe. Shi kansa 'Yar'aduwa ya amsa cewa zaɓen yana da naƙasu, har ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Ko mutum ya bi huɗun ko ya bi ukun, zai yarda cewa ba ƙaramin ƙarfin zuciya ba ne alƙali ya sa hannu a kan takardar da ke cewa a sauke shugaba mai ci, alhali ya san kaye zai sha a ƙidaya. Hukuncin marasa rinjaye ba ya canza sakamakon ranar, amma yana nan a rubuce, lauyoyi da 'yan majalisa da ɗalibai suna komawa gare shi.

Shekara ɗaya bayan haka jinyar Jidda ta zo. Allah ya yi wa 'Yar'aduwa rasuwa ranar 5 ga Mayu, 2010, mataimakinsa Goodluck Jonathan ya hau. A watan Yulin 2012, da Alƙalin Alƙalai Dahiru Musdapher zai sauka, sunan Aloma Mukhtar aka aika wa Majalisar Dattawa. A gaban sanatoci ba ta ɓoye cewa akwai ɓata-gari a cikin alƙalai ba, ta kuma yi alkawarin gyara. Suka tabbatar da ita. Ranar 16 ga Yuli mutumin da ta taɓa rubuta cewa a soke zaɓen da ya kawo shi fadar mulki, shi ya tsaya ya rantsar da ita a matsayin mace ta farko Alƙalin Alƙalan Najeriya. A zamaninta majalisar NJC ta hukunta alƙalai da dama, wasu aka tilasta musu ritaya. Ta sauka ranar 20 ga Nuwamba, 2014, ranar da ta cika shekara 70 cif. A wannan shekarar ce kuma Zainab Bulkachuwa ta zama mace ta farko da aka tabbatar a shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Amfanin duk wannan tacewa da tantancewa ke nan: a samo mutumin da zai zauna da kundi tsakar dare, babu mai kallonsa sai Allah, ya karanta shafi na ɗari uku da irin nutsuwar da ya karanta na farko, sannan ya rubuta abin da ya gani ko da zai ɓata wa mai iko rai. Ɗalibanmu masu karatun shari'a a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo, maza da mata, su sani cewa hanyar nan a buɗe take, kuma da haƙurin karatu ake bin ta. Masu zaɓen alƙalai kuma su ji tsoron Allah, su dubi abin da mutum ya rubuta kafin su dubi wanda ya tsaya masa. Talakan da aka zalunta a kotun farko, bayan Allah, ba shi da wata madogara sai waɗannan mutum uku da kundin da ke gabansu. Allah ya ƙaro mana irinsu.