Sharhi: An Raba Yaro Da Bindiga, Saura Tallan Caca Da Giya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa masallata da ɗalibanmu, a watan Yuni na 2020 Shugaba Faustin-Archange Touadéra ya sa hannu a kan dokar kare yara ta ƙasar nan. Dokar ta mayar da sa yaro cikin ƙungiyar masu makami babban laifi, ta kuma ɗauki yaron a matsayin wanda aka zalunta. Mu da muka ga 2013 da 2014 a Kilomita Biyar ba ma buƙatar a yi mana bayanin darajar wannan. Mun yaba. Sai dai yabon gwani ba ya hana a nuna masa inda aiki ya rage.

Yau abin da ke farautar yaronmu ba ya zuwa da kaki. Yana zuwa ne a allon talla, a gidan kallon ƙwallo, a wayar yayansa. Yaro ya biya kuɗin kallo don ya ga wasan Ingila, amma minti 90 yana karanta sunan kamfanin caca a ƙirjin ɗan wasa da gefen fili. Ya buɗe Facebook ko TikTok, a ce masa da ɗan canji kaɗan zai wayi gari mai kuɗi. Tallan giya kuwa kullum samari ne masu tsafta suna dariya. Ba a taɓa nuna wanda ya kwana a kwata. To, ai wannan shi ne algus: a ɗora busasshen hatsi a sama, a ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, irin wanda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar a kansa a kasuwar Madina. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida kuma ta haɗa giya da caca a hukunci ɗaya.

Muna da hukumar sa ido kan kafofin watsa labarai, wato HCC. Abin da muka fi jin ta a kansa shi ne kalaman ƙiyayya da lokutan zaɓe, kuma bayan tashin hankalin 2018 babu mai cewa wannan ba wajibi ba ne. Sukarmu ita ce: kare yaro daga talla bai samu irin wannan himma ba. Mai talla ya san yaro ƙarami ba ya rarrabe labari da tallan haja, shi ya sa yake neman sa. Hukuma ma ya kamata ta san haka.

Wasu daga cikinmu na cewa a kwaikwayi Kano kawai. Mu duba da kyau. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, ta ƙara tsanantawa daga 2007, har aka ɗaure wasu 'yan fim. An rage wasu abubuwa, gaskiya ne. Amma da kasuwar faifai ta mutu, fina-finai suka koma YouTube, inda tallan da ke katse fim ɗin ba ya bi ta teburin mai tacewa. Ka tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga. Sannan mu ba a Kano muke ba. Mu tsiraru ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta Kirista ne, dokar da za ta yi aiki a nan sai wadda uwa a Boy-Rabe za ta ga amfaninta kamar yadda uwa a Koudoukou za ta gani.

Irin wannan doka akwai ta a duniya, kuma ba ta addini ɗaya ba ce. Lardin Kebek na Kanada ya hana talla ga yara 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980. Suwidin ta hana tallan talabijin ga 'yan ƙasa da 12 tun 1991. Ingila, daga Oktoban 2022, ta hana sa fitattun 'yan ƙwallo a tallan caca, saboda yara na kallon su. Ƙasarmu ma ta shiga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda sashe na 13 nata ya nemi a hana tallan taba. Ke nan hanyar a buɗe take: a kama mai talla, shi da ke da ofis da lasisi da asusun banki.

Abin da muke nema kaɗan ne, kuma mai yiwuwa. A hana allon tallan giya da caca kusa da makarantu da masallatai da majami'u. A hana gidajen rediyo da talabijin na cikin gida sa irin wannan talla a lokacin da yara ke gida. Wuraren caca su daina karɓar kuɗin wanda bai kai 18 ba, wanda ya karɓa a rufe masa shago. A rubuta ƙa'idojin da Faransanci da Sango, a karanta su a rediyo, don wanda bai yi boko ba ya san haƙƙinsa. Wannan buƙata mu kai ta tare da maƙwabtanmu Kirista. Fafaroma Faransis ya shigo Babban Masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015. Ƙofar da aka buɗe ran nan, a yi amfani da ita.

Amma kada mu yaudari kanmu. HCC ba ta da iko a kan wayar da uba ya miƙa wa ɗan shekara 8 don ya yi shiru. Mai gidan kallo ɗan unguwa ne, sahu ɗaya muke sallah. Malamanmu suna karantar da toshe kafar ɓarna. To, kafar nan tana aljihunmu. Malaman islamiyya su ware lokaci su zauna da ɗalibai a warware talla guda: wa ya biya, me yake so, me ya ɓoye? Yaron da ya iya wannan tambaya, da wuya a sayar masa da ƙarya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.