Zainab da Abubakar a Jiki Magayi: Soyayya ko Ramuwar Gayya?

Akan ɗauki Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a matsayin ƙagaggen labarin soyayya na farko a Hausa. Wannan maƙala ba ta gamsu da haka ba. Zainab ba ta shiga ran mai karatu, domin dukiyar Malam Shaihu ta rinjayi alkawarin da ke tsakaninta da Abubakar. Shi kuwa Abubakar, zafin kayen da attajiri ya yi masa ya fi damunsa bisa ga rashin Zainab, shi ya sa ya huce a kan ɗanta Kyauta, yaron da bai ji ba bai gani ba. Saboda haka jigon littafin ramuwar gayya ne, soyayya kuwa sharar fage ce kawai.