Nunin Dogon Hutu: Abin da Yaranmu Suka Koya da Abin da Muka Tsallake

A ƙarshen dogon hutun da ya wuce ƙungiyar matasa ta ikkilisiyarmu, a nan tsakanin Nima da Maamobi cikin birnin Akra, ta shirya nuni a harabar majami'a domin iyaye su ga abin da yara suka koya cikin mako biyar. An jera tebur uku: na tafiye-tafiye, na girki, da na aikin hannu. Na zaga su duka, na kuma ɗanɗana abin da aka miƙo mini. Da fari ina yaba wa waɗanda suka ɗauki wannan wahala ba da albashi ba, gama yaron da ke yanka kwali a inuwar majami'a ya fi wanda ke wasa a bakin babbar kwata. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina da magana a kan nunin, ni ma kuwa ina cikin masu laifi, domin na sa hannu a takardar shirin.

Maganar ita ce, mun ɗauki yaranmu a mota mun kai su nesa neman gado, alhali gadon yana ƙofar gidanmu muna tsallake shi kowace safiya.

Teburin farko hotuna ne. An kai yara lambun Aburi, wanda Turawa suka buɗe a 1890, an kuma kai su gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe ran 5 ga Maris 1957, ana gobe Gana za ta sami 'yancin kai. Wurare ne masu kyau, ya kamata kowane yaro ya gan su. Sai dai a ƙarƙashin hoton wani ƙaton itace na Aburi yara sun kwafo sunansa na Latin, harafi bi harafi, ba kuskure. Na tambayi huɗu daga cikinsu sunansa da Hausa ko da harshen iyayensu, ba wanda ya sani. Rimi ne fa, wanda kakanninsu suka cusa matasan kai da audugarsa. Haka kuma sun ɗauki hoton rigar saƙi ta arewa, irin wadda Nkrumah ya sa a daren 'yancin kai, ba wanda ya gaya musu cewa a bayan kasuwar Nima akwai masu ɗinka irinta da allura har yau. Teburin ya nuna yara sun je, bai nuna sun gane ba.

Teburin girki ya fi ba ni mamaki. Akwai kek iri uku, da biskit, da salak. Kek ɗin ya yi daɗi, ban raina shi ba. Amma da lokacin ciyar da baƙi ya yi, sai aka aika aka sayo waakye wurin wata Hajiya a bakin titi. Na tambayi wata yarinya me ke sa shinkafar ta yi ja. Ta ce, "Baba Katikis, ai kala ake zubawa." Na ce, "'Yata, ba laifinki ba ne."

Mai karatu, dubi abin da ke cikin wannan tukunya ɗaya. Sunan kansa namu ne: shinkafa da wake ce, bakin mutanen kudu ya lanƙwasa kalmar wake ta zama waakye. Jan launin kuwa daga busasshen ganyen jar dawa yake fitowa, wadda Hausawa ke kira karan dafi. Ana jefa 'yar kanwa domin ta jawo launin, ta kuma sa wake ya nuna da wuri, in ta yi yawa kuma ta ɓata ɗanɗano. Haka koko da ƙosai, da tuwo zafi, da tsire da ake kira cicinga, da zoɓo da ake kira sobolo, duk abincin zango ne da ya zama na ƙasa baki ɗaya. Fatake sun bi hanyar goro zuwa Salaga da Kumasi tun kafin mulkin Turawa, sun zo da tukwanensu. Nima kanta ta soma ne a farkon shekarun 1930, sa'ad da Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga hannun mutanen Osu. Duk wannan tarihi yana cikin kwanon da yarinyar ta ci, ba wanda ya buɗe mata shi.

Washegari na je wurin Hajiyar na tambaye ta ko za ta yarda ta koya wa 'yan matanmu. Ta yi dariya ta ce, "Malam, aiko su. Amma su sani ƙarfe huɗu na asuba nake hura wuta." Ashe ƙofar a buɗe take tuntuni, mu ne ba mu taɓa yin sallama ba.

A tebur na uku na ga sarƙoƙin duwatsun roba da aka sayo a Makola, da furannin takarda. Sun yi kyau a ido, amma bayan mako biyu za su shiga kwandon shara. A nan ne na tuna da abin da ya faru a zaman shirin. Wani ya kawo shawarar a kai yara wurin dukawa su koyi ɗinkin fata, sai wani dattijo ya ce a'a, ai dukawa su ne masu ɗinka layu. Muka yi shiru, shawarar ta mutu. Dattijon bai yi ƙarya ba, akwai dukawa masu ɗinka layu, mu kuwa ba ma so yaranmu su rataya su. Amma baduku yana ɗinka takalmi, da jaka, da kube, da ɗamara. Majemi yana jeme fata da bagaruwa, ana kuma rina ta ja da karan dafin nan na tukunyar waakye. Fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare hamada shekaru aru-aru, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Wannan sana'a ce muka hana yara saboda tsoro.

A ganina tushen kuskurenmu ke nan. Yawancinmu Kirista na zango daga arewacin Gana iyayenmu suka zo, Dagaba ne, da Farafara, da Kasena, da Bulsa. Hausa ce ta haɗa mu da juna a kasuwa da cikin gidan haya. Duk da haka mun saba ɗaukar duk abin da ke da sunan Hausa kamar na Musulmi ne kaɗai, duk abin da ya zo daga Turai kuma kamar shi ne na Kirista. Littafi Mai Tsarki bai koya mana haka ba. A littafin Ayyukan Manzanni mun karanta cewa Bitrus ya sauka kwanaki da yawa a Yafa a gidan Saminu majemi, sana'ar da Yahudawa suke ƙyama saboda taɓa mushe, a soron gidan nan kuma Allah ya koya masa kada ya ƙyamaci mutanen da ba kabilarsa ba. A 2019 ma, Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, yana dab da cika shekara 100, ya shiga majami'ar Christ the King ranar Ista ya zauna tare da masu sujada. In tsoho irin wannan ya tako zuwa wurinmu, me zai hana ɗanmu ya zauna a rumfar baduku awa biyu?

Abin da ya fi kome daraja a nunin ba a kan tebur yake ba. An ajiye shi a lungu kusa da famfo, ba a kuwa ba shi kyauta ba. Wani yaro mai shekara goma sha uku ya yanke jarkoki rawaya guda shida, ya shuka lalo, wanda a nan muke kira ayoyo, da alayyafo, da yakuwa. Kawunsa ne ya koya masa, ɗaya daga cikin masu lambu a Dzorwulu ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Yaron ya bayyana mini cewa irin lalo sai an tsoma shi cikin ruwan zafi kaɗan kafin ya tsiro da kyau, kashin kaji kuma sai ya kwana biyu ya huce, in ba haka ba ya ƙone shuka. Ya san ruwan kwata da wasu masu lambu ke ɗiba yana da datti, saboda haka da ruwan wankin shinkafa yake ban ruwa. Na yi masa tambaya biyar, ya amsa biyar. Tsofaffinmu suna tuna 1972, sa'ad da gwamnatin Acheampong ta kira kowa ya ciyar da kansa, aka yi shuka a bayan gidaje da makarantu. Yau Nima ta cika, ba filin garma, amma jarka ba ta rasa wurin zama. Aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne noman gona da kiyaye ta, yaron nan kaɗai ya nuna mana shi.

Na san wasu iyaye za su ce jarrabawa ce a gaban yara, ba tuwo ba. Gaskiya ne, ba na so ko ɗaya ya bar makaranta. Amma hutu muke magana, kuma yaron da ya ga yadda kanwa ke juya launin ruwa ya riga ya shiga darasin kimiyya.

Saboda haka ga roƙona ga masu shirin baɗi. A rage tafiya ɗaya, a raba yara uku uku: waɗansu wurin mai waakye, waɗansu wurin baduku ko mai ɗinkin riga, waɗansu lambu, kowace ƙungiya da babba guda daga ikkilisiya, a kuma biya masu koyarwar ladansu. Kowane yaro ya rubuta shafi ɗaya da Hausa a kan abin da ya koya. A ƙasar nan Malam Shaihu ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, Bature Rattray ya buga su a 1913, ana kuwa karanta su har yau domin an rubuta. In mun yi haka, baɗi baƙinmu za su ci waakye daga tukunyar 'ya'yanmu, Hajiya kuma ta zauna a kujerar gaba ta faɗa mana ko kanwa ta yi yawa.

Ubangiji ya ba mu tawali'un koyo daga maƙwabtanmu. Amin.